'Yan Haya a Saiwa

A Parana, inda ƙasa take ja kamar garin barkono,
Valdirene ta tsuguna cikin waken soya,
ta tuge guda,
ta karkaɗe.

Ƙulle-ƙulle sun maƙale a saiwa kamar kaska.

"Cuta ce," in ji Tadeu, mahaifinta,
wanda bashin takin zamani ya cinye wa tarakta
shekarar fari.

Ta sa farce ta fasa ɗaya.
Cikinsa jaja-jaja, kamar dasashin jariri.
"Baba, suna raye. Aiki suke."

Halittu ne da ido bai isa ya gani ba.
Da asuba ta cuɗa su da iri, a inuwa,
don rana ajalinsu ce.
Saiwa ta ba su ɗaki da ɗan zaƙi,
su kuwa suka tatso taki daga iska
suka biya haya.

Ba rasit. Ba kuɗin ruwa.

Tadeu ya daɗe yana juya saiwar a tafinsa.
Shekara sittin yana taka irinsu da takalmin roba,
ko sannu bai taɓa ce musu ba.

Ya tona rami da yatsa,
ya mayar da ita,
ya ja ƙasa a hankali
kamar mai lulluɓe yaron da barci ya kwashe.