Takardu Biyu a Aljihun Rigar Aiki

Ƙarfe ukun dare a Dundee.
Injin wankin ƙoda na gado na shida yana ta huci,
ni kuma, Ishbel Rennie, shekara bakwai da zama likita,
ina kan kujerar nan mai ɗingishi
da shayin da ya huce tun ƙarfe ɗaya
da takardu biyu a aljihu.

Ta farko mai ladabi ce. Ta ce: shekara biyu.
Digirin digirgir ne, amma na bakin gado.
Ki ɗebi jinin mutum ɗari uku,
ki auna, ki ƙirga, ki rubuta,
ran Laraba ki dawo wurin majinyatanki.
Albashi zai rame, ba zai kwanta ba.

Ta biyu ba ta iya lallashi ba.
Ta ce: huɗu, wataƙila da ɗoriya.
Hawa na biyar, ɗakin gwaji marar taga,
fararen ɓeraye a keji,
ki koma ɗaliba a hannun yaron
da bai taɓa rufe idon mamaci ba.
Ki ɗiga ruwa a kwalba sau dubu,
sau ɗari tara da casa'in ya ƙi ki.

Farfesa Kinnaird yana laluben makullin motarsa ya ce mini,
"Gajeren ya isa ya ba ki kujerar babbar likita.
Dogon shi ake saurare a ƙetare,
in kina son ɗakin gwaji da sunanki a ƙofa."
Ya sami makullin. Ya tafi.

Struan ya bi dogon.
Na ga ranar da ya dawo,
allura na rawa a hannunsa,
yana tambayar nas inda ake ajiye auduga.
Amma in ya fara zancen ƙwayar halittarsa
sai fuskarsa ta kama haske
irin wanda ban gani a madubina ba tun bara.

A gida Fergus ya baje bashin gida a kan tebur,
bai ce uffan ba, biro kawai ya ciza.
Mairead tana da huɗu yanzu.
In na gama, ko tana da shida, haƙoran gaba sun zube,
ko tana da takwas, ta daina jiran in karanta mata.
Taura biyu ba ta taunuwa, na sani,
baki ne dai bai daina kwaɗayi ba.

Ƙararrawa. Gado na shida.
Dattijo Doig ne, masunci daga Arbroath,
ba ciwo ya tashe shi ba.
Ya ce, "Likita, mu tagwaye ne, ni da Sandy.
Jirgi ɗaya, kifi ɗaya, taba ɗaya.
Shi yana can yana ɗinkin koma.
Me ya sa tawa ƙodar ce ta mutu?"

Na gyara masa bargo.
Abin da muke yi ke nan in ba mu da amsa.

Gajeren zai gaya mini mutum nawa ne irinsa,
zai bar ni kusa da shi ina ƙirgawa.
Dogon wataƙila ya gaya mini dalili,
wataƙila,
a ranar da gado na shida ya daɗe da canza mai shi.

Don kada tambayar ta ɓace kafin safiya
na zaro takarda ɗaya ban duba ba,
na rubuta a bayanta: me ya sa ba Sandy ba?

Gari ya fara wayewa a kan kogin Tay,
jirgin ƙasa na farko yana rarrafe bisa gada.
Na juya takardar.
Mai shekara huɗun ce.

Ban yi murna ba. Ban kuma yage ta ba.
Na ninke ta huɗu, na mayar aljihun ƙirji,
na tafi duba sakamakon jinin gado na tara.