Tsarkiyar Nazzareno

A Gubbio layinmu hawa ne kamar tsani.
Ɗakin Baba yana ƙarƙashin matakala,
ƙamshin kakin zuma ke fara yi maka maraba
kafin mai ɗakin ya ɗago kai.

Baka mai kunama na rataye a bango,
kafaɗunsa ƙarfe, jikinsa baƙin katako,
ya girme ni, ya girmi auren iyayena.
Duk wanda ya shigo, shi yake kallo.
Baba Nazzareno kuwa cewa yake:
ƙarfe ba ya roƙon kowa komai,
zaren nan shi ne abin tausayi.

"Ersilia, kawo yatsunki."
Ya gutsuro kaki kamar ƙwayar wake,
ya bi tsarkiya da shi daga kunne zuwa kunne,
ya tsallake tsakiya, inda kunama ke cizo.
"Nan ba a sa mata.
Santsi a wurin riƙo
shi ke kai kibiya gidan maƙwabta."

Murza, ya ce. Ba da fushi ba.
Murza har ɗumin jininki ya narkar da shi,
har ya nutse tsakanin sili da sili.
Kar ki kai ta bakin murhu don ki huta,
wuta ba ta san daidai ba.
In kin ga ta fara gashi
kamar haɓar saurayi, ƙishi take ji.
In ta sha ruwan sama, goge ta, bar ta a inuwa.
Rana maƙiyiya ce a fili,
laima kuwa munafuka,
a ɓoye take ci.

Tullio, ƙanena, yana ɗan sha huɗu
ya ɗana bakan ranar da ba kowa,
ya ja kunama babu kibiya,
wai ƙarar kawai yake son ji.
Ya ji ta.
Kamar an saki faranti a coci ana tsakar addu'a.
Har yau girarsa ta hagu rabe take biyu.
Baba bai ɗaga hannu ba.
Ya zube masa tsinkakkun silin a cinya,
ya ce ƙirga min.
Da ya kai ƙarshe yana kuka, sai ya ce:
ƙarfin da bai sami kayan ɗauka ba
kan mai shi yake komawa.

Bana hannun Baba ya fara rawa,
cokali ma sai da lallashi.
Mayu ya shigo, ana jin ganguna daga dandali,
saura kwana tara a yi gasa.
Na murza, na murza, na miƙa masa.
Ya rufe ido, babban yatsa na tafiya a hankali
kamar makaho a layin da aka haife shi.
Sai ya tsaya.
Can ƙarƙashin naɗin kunnen dama
sili ɗaya ya saki 'yan'uwansa.

"Yanke ta."

Na ce Baba, ɗaya ne tak.
Shekara uku ina shafa mata,
ban bar ta ta kwana a raɓa ba ko sau ɗaya.
Ya ce na sani, shi ya sa ta kai uku.
Tattali ba ya hana ƙarewa, 'yata,
yana hana ta zo miki a fuska ne.

Na ɗauko wuƙa.
Ba ta yi ƙara ba, ta dai saki jiki
kamar wanda aka ce wa ya tashi daga aiki.

Daren nan muka kafa ƙusa biyu a benci,
ni ina zagaya sabon zare, shi yana ƙirga,
ya ɓata lissafi sau biyu, na yi kamar ban ji ba.

Tsohuwar tana bayan gida yanzu,
na ɗaure reshen inabi da ita.
Da hantsi ƙudan zuma kan sauka a kanta,
su yi ta shinshina,
kamar sun gane kayansu.