Miyar Burodin Jiya

Wata biyu na yi ina jiran teburin nan,
a Milan, bayan gadar ruwa, lungu na uku.
Na ce wa Baba ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka.
Ya sa yana ƙunƙuni, wuyan riga na shaƙe shi,
ya ce, "Ilenia, biki za mu ko gidan mutuwa?"

Ƙofar katako ce, an babbake gefenta da gangan.
Fitilu sun yi ƙasa-ƙasa kamar masu gulma.
An kankare filastar bango, jan bulo tsirara.
Nicodemo magini ya tsaya, ya kai hannu ya shafa:
shekara arba'in yana yi wa bulon garin nan sutura,
yau an biya wani kuɗi ya tuɓe ta.
Ya ce, "Wanda ya jera wannan ya san aiki.
Mai kankarewar ne ba ya jin kunyar kowa."

Bisa kanmu an rataye lauje da tsohuwar fartanya
da damin tafarnuwar da ba mai tsinka.
Ya miƙe ya gwada kaifin laujen da babban yatsa,
na ja gefen kwat ɗinsa ina satar kallon mutane.
"Ko ɗanyen cuku ba zai yanka ba," in ji shi,
"laujen birni ne, mai tsoron ciyawa."

Ettore mai hidima, gemu a gyare, ya rusuna
yana jero abinci kamar mai yi musu kirari:
man zaitun na bishiyar da ta girmi kakansa,
tumatirin gindin dutse mai aman wuta,
sai "miyar makiyaya daga tsaunukan kudu,
burodin jiya, tafarnuwa, ganyen daji mai ɗaci."
Baba ya ɗora tabarau, ya bi layin da yatsa
har inda ya tsaya: yuro ashirin da takwas.
Dariya ta kama shi, har tari, har ƙwalla,
har matar teburin gaba ta ajiye cokali tana waiwayowa.

Miyar da ya guje wa ke nan.
Ita ya bari kan murhu ran da ya hau jirgin ƙasa
da akwatin kwali ɗaure da igiya,
yana rantsuwa ba shi ba ita har abada.
Su bakwai kan kwano ɗaya, Filomena na ƙirga ɗigon mai,
tana cewa ita ta ƙoshi tun wurin dafawa.

Aka kawo ta a kaskon yumɓu, da ganye ɗaya a ka.
Ya kai cokali. Ya yi shiru. Ya ƙara.
Taliyata ta huce ina kallon bakinsa.
Na ce, "Yaya?"
Ya ce, "Ta fi tata daɗi."
Sai ya kau da kai wajen bango, ya cije leɓe,
kamar ya ci amanar wadda ke kwance a kushewa.

Ettore ya leƙo: ko da abin da ya gaza?
"Mai ya yi yawa, yaro. Mu ɗigo uku muka sani.
Kuma ba a shan ta sai da yunwa."

Na biya da kati, na kife takardar kada ya gani.
Ya gani. Bai tanka ba.
Sai a taragon titi, muna gilma gidajen da ya shafe,
ya zaro ƙunshi daga aljihun kwat:
yankan burodi uku cikin farin adikon gidan.
"Baba, wannan ai sata ce!"
"Adikon zan mayar. Burodin kin biya.
Bari ya kwana biyu. Ki zo ran Lahadi,
kada ki karya kumallo, kada ki taho da komai."
Na ce to. Ya jingina da taga, barci ya ɗauke shi.
Ƙunshin na kan cinyata har tashar ƙarshe,
ina jin gefensa ya fara bushewa.