Darasin Bakin Ƙofa

Shekara huɗu ina haddar Turancin kasuwanci,
wasiƙar neman bashi, wasiƙar hana shi,
da yadda ake rufe takarda da ladabi
ko da rai yana tafasa.
Na naɗe kwalina a leda, kar ruwan Legas ya taɓa shi.

Daga Agege nake shiga danfo tun da assalatu,
mu tsaya cak a kan doguwar gada,
ruwa a ƙasa, hayaƙi a sama,
ina jan gaisuwar baƙi a baki kamar carbi.

Madam Ibironke ke horar da mu, mu tara.
Ta ce ku yi murmushi ko a waya, ana jin sa.
Kar ku ce babu, ku ce bari in duba.
Kar ku nuna hanya da yatsa, ku buɗe tafi.
Sunan baƙo kuwa, ku riƙe shi kamar ƙwai.
Na rubuta duka. Wajen rubutu ba a barina a baya.

Daren Laraba, sha ɗaya da rabi,
wani ya shigo otal ɗin a jiƙe sharkaf.
Jakarsa ta bi wani jirgi,
ɗakinsa kuma an ba wani.
Na miƙe na zuba masa Turanci mai aji,
wanda ya ciyo min maki saba'in da takwas:
muna matuƙar nadamar duk wata damuwa
da hakan ka iya haifarwa.
Ya dube ni kamar na karanta masa sammaci.
Ya daki tebur. Biro ya gangara ƙasa.

Sai ga Baba Tanimu mai buɗe ƙofa,
wanda Turancinsa kaf bai cika cokali ba.
Ya jawo kujera, ya miƙa tawul busasshe,
ya faɗi kalma biyu, ta biyun ma a karkace.
Mutumin ya zauna. Ya goge wuya.
Can ya ce 'yarsa ce ke kwance a Idi-Araba,
da safe za a shiga da ita tiyata.
Ni ban tambaya ba. Ba ya cikin abin da na rubuta.
Na samo masa ɗaki a hawa na biyu,
na sa aka kai shayi, hannuna yana rawa.

Da gari ya waye na ce, Baba, ina ka koyo?
Ya ɓare goro, ya ba ni ƙaramin ɓarin.
Barira, ai baƙo ba kunne kaɗai ya zo da shi ba.
Yana da ƙafa, yana da ciki.

A hanyar gida ina ta datse jimlolina,
ina zubar da jelarsu ta taga.
Yaron mota ya rataye a ƙofa, rabinsa a iska,
yana kiran Oshodi, Oshodi, kalma ɗaya tak,
ga mutane suna ta rugowa.