Kogi a Kan Tebur

Ɗakina na Agege taku huɗu ne da rabi,
taga ɗaya, tana kallon katangar maƙwabci.
Nan na ajiye akwatin gilashi
tsakanin rediyo da kwalin takalma.
Ribar buhun albasa biyu ya ci.

Ni ɗan Yawuri ne. Ubana masunci,
ƙarni bai bar hannunsa ba ko ranar Juma'a.
Da na faɗa wa Inna a waya
ta yi shiru, can ta ce,
"Kifin da ba a ci, Tanimu?
Ikko ta gama da kai."

Iya Morenike, mai shagon kifi a Mushin,
ta ce in fara da ciyawa,
in bar ruwa ya kwana, ya sake kwana,
mako huɗu kafin mai rai ya shiga.
Na ce to, a baki.
A zuci na ce: jikan Sarkawa
za a koya wa ruwa?

Ranar na shimfiɗa yashi,
na kwara ruwan burtsatse,
na saki shida masu jan wutsiya.
Laraba huɗu suka yi rigingine a sama.
Alhamis biyun suka bi sawu.
Da cokalin shayi na kwashe su.
Ban gaya wa kowa ba.

Na koma shagon, hula a hannu.
Ba ta ce "ai na faɗa maka" ba.
Ta ƙulla mini saiwa uku a leda,
ta matse tsohon soso daga nata akwatin,
ruwa dulu-dulu kamar na kwata,
ta ce, "Wannan shi ne iri."
A danfo na rungume shi a ƙirji,
kwandasta na ihun Oshodi,
ni ina kare leda daga gwiwar mutane.

Da matsefata na yi dashe, tsinke-tsinke.
Ganyen farko ya narke ya zama yauƙi.
Gansakuka ta rufe gilashin ruf,
na kankare da tsohon katin banki,
ta dawo, na sake kankarewa.
Aka ɗauke wuta kwana biyu,
famfon iska ya yi gum.
Na zauna a duhu da kofin roba
ina ɗiba ina tsiyayawa daga sama
don ruwa ya yi numfashi,
sauro na walima a ƙafata,
janareton maƙwabci na tari.

A gida kainuwa dashen Allah ce,
ba mai ƙirga mata awannin fitila.
Nan kuwa awa shida, ba ƙari.
Lahadi a rage ruwa, a mayar da wanda ya huce.
Haƙurin da ban koya a bakin taru ba,
ga shi ina haddarsa
a gaban gilashi mai tsawon kamu biyu.

Ran ashirin da uku
na dawo daga kasuwa, idona na yaji,
sai ga toho.
Bai kai farcen jariri ba.
Ɗigon kumfa a bakinsa kamar ɗan kunne,
ya saki, ya hau sama a hankali.
Wani ɗan katantanwa da ban saya ba
yana share mini gilashi kyauta.
Ban cire takalmi ba har aka kira Isha.

Yanzu kifi huɗu ne, suna ratsa kore
kamar masu zance a lungu.
Titi na gurnani, ruwan sama na dukan kwano,
su babu ruwansu.

Jiya Inna ta kira, fuska da fuska.
Ta ce, "Juya wayar. Matso."
Ta daɗe tana kallo,
har na ɗauka layi ne ya yanke.

Sai ta ce, "Wancan mai shuɗin baya,
ba ya shiga cikin 'yan'uwansa.
Ka riƙa duba shi."