Ga Ruwa

Jarka goma sha biyu nake turawa
daga burtsatsen Alhaji Mamuda a Ɗorayi
zuwa lungunan da famfonsu ya daɗe da yin shiru.
Ga ruwa! Ga ruwa!
Da wannan kalma nake ci,
ita ce kuma ta cinye garinmu.

Ni ne Talle na Tudun Marke.
Kada ka wahalar da taswira.
Hau kwalekwale da bazara, ka ce da mai fito
ya tsaya inda ƙiraren kuka ke leƙowa.
Nan ƙasa kasuwarmu take, Laraba take ci.
Yanzu tarwaɗa ke zagaya rumfar mahauta.

Ina ɗan shekara tara suka zo,
da igiyar awo da littafi mai koren bango.
Suka ƙirga mana mangwaro huɗu, ɗorawa biyu, rumbu uku.
Baba ya ce, "Kushewar Inna fa?"
Malamin ya duba takarda sama da ƙasa,
ya ce babu layin kushewa.
Aka kama yatsan tsoho aka dangwala.
Shuɗin bai gama fita ba muka sauka a kan fako,
inda ko gero sai an lallashe shi.
Kuɗin diyya ya sayi jaki ɗaya,
jakin bai ga kaka ba.

An ce wuta za ta zo, shinkafa za ta zo,
birni zai sha har ya zubar.
To ga ni a birnin, shekara talatin,
famfo na tari, kafaɗata ce maganinsa.

Jiya a teburin mai shayi rediyo ta ce
za a sake tare wani kogin,
can wajen su Ladiyo ƙanwata,
masu fadamar albasa, masu koma da gora.
Ƙauye goma sha ɗaya, in ji mai labarai,
kamar mai faɗin farashin tumatir a 'Yan Kaba,
sai aka sako tallar sabulu.

Yau ban taɓa kura ba.
Na sa rigar Juma'a ranar Talata,
na ɗauko takardar Baba daga ƙasan adaka,
na taka har zauren taro bayan Ƙofar Nasarawa.
Gaban kowane babba robar ruwa ce mai sanyi,
ba wanda ya sha rabi.

Da aka ce akwai mai magana, sai na ji ni a tsaye.
Na ce: ba ruwa muke ƙi ba,
wa ya fi ni sanin nauyinsa?
Amma a tambayi mai gona kafin a ja igiya.
A je a zauna a tabarmarsu, ba a kira su kujerarku ba.
In sun ce a'a, a rubuta a'a.
A tuna da na ƙasan kogi,
waɗanda ambaliyar damina ke kai wa taki da kifi har ƙofar gida.
An ce wanda ya faɗa ruwa ko takobi aka miƙa masa zai kama.
Mu ba mu faɗa ba, tura mu aka yi,
sannan aka miƙo mana biro.

Wani ya yi tafi, wani ya duba agogo.
Aka zagayo da takardar halarta da 'yar tawada.
Na zura hannu a aljihu, na bar shi can.

A bakin titi Barau, ɗan Ladiyo,
ya durƙusa yana rubuta sunan ƙauyukan a bayan kwali,
ɗaya bayan ɗaya, da manyan baƙaƙe.
Na ce ya ƙara Tudun Marke a sama.
Ya ce, "Kawu, ai wannan ya riga ya tafi."
Na ce rubuta dai.

Da la'asar wata mata ta leƙo daga soro:
"Mai ruwa, yau ina ka shiga? Randa ta bushe."
Na ce gobe, Hajiya.
Yau na je gida ne.