Abin da Almakashi Ya Bari

Shekara talatin ina yanka yadin mutane a Aboabo,
na san abin da ƙyalle zai iya da abin da ba zai iya ba.
Ranar da hanjina ya murɗe ya mutu,
likita ya yanke, ya ɗinke,
da na farfaɗo ya ware hannuwansa:
ga abin da ya saura.
Na auna da ido. Kamu biyu, da ƙyar.
Ko wandon yaro bai isa ba.

Aka dasa mini siririn bututu a ƙasan wuya.
Ta nan nake cin tuwona, fari kamar kindirmo,
a leda, rataye a ƙusar da nake rataye hula.
Sahura ta wanke hannu fiye da mai alwala,
ta goge bakin bututun tana ƙirge a zuci,
lokacin ko sallama ba ta amsawa.
Inji ya kama ɗiga har kiran assalatu.
Na ƙoshi ban tauna ba.
Har yau ban san sunan wannan ƙoshin ba.

In an ɗauke wuta ba duhu ke damunmu ba, firji ne.
Mutawakkilu ya ruga Asawase neman ƙanƙara,
silifa ɗaya a ƙafa,
abincina na kwana huɗu yana gumi a kula.

Dare bakwai a mako. Sai shida.
Nas Pokuwa ta buɗe littafin da muke rubuta awon fitsari,
ta ɗora ni a sikeli, ta ce biyar.
Daren farko da ba a ɗaura mini komai ba
barci ya ƙi.
Na kwana a gefen da na saba,
akuya an kwance ta, tana nan gindin turke.

Yunwa na sani. Ƙishirwa ce ta ba ni mamaki.
Randa cike, an ce kada in kwankwaɗa,
ruwa zalla wucewa yake, ya tafi da na jikina.
Sai mai gishiri da ɗan sukari,
kurɓi, jira, kurɓi,
ɗanɗanonsa na hawaye.

Koko cokali uku, ba sukari. A dakata.
Sun ce guntun hanjin koyo yake,
kamar yaron shago da maigida ya bar wa keke ana gobe Salla.
In ka tara masa ɗinki zai karya allura.

Na tara masa.
Wata Juma'a ƙanshin wake da shinkafar Mma Azumi ya hauro katanga,
na aika a ɓoye, har da shito.
Loma shida.
Sau goma sha ɗaya na ɗauki buta kafin magariba,
ruwan Kumasi na dukan kwano, ni ina dafa bango.
Sikeli ba ya rufa asiri.
Daga dare huɗu muka koma biyar.
Sahura ba ta ce uffan ba,
ta dai wanke hannu, ta daɗe tana wankewa.
Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Yanzu uku ne: Litinin, Laraba, Asabar.
Ba su ce za a cire bututun ba.
Sun ce mu gani.

Jiya na hau keke, ƙafata tana rawa,
na harhaɗa ragowar atamfa na yi wa injin jaka,
ya samu abin shiga ranakun da ba ya aiki.
Da azahar Sahura ta kawo doya dafaffiya, yanka biyu,
ta barbaɗa gishiri.
Na tauna kowace loma har ta zama ruwa.
Muka zauna mu biyu, ba mai magana,
kunnenmu a cikina.
Mai kwakwa ya wuce. Aka tashi 'yan makaranta.
Aka kira la'asar,
buta tana inda take.